HAƊIN KAI KO HAƊIYEWA? YADDA AKA MAI DA SIRIYA "YANKIN AREWA"



'Yan'uwa, duk lokacin da aka sake yi wa Falasɗinawa ruwan bama-bamai, shugabannin Larabawa kuma suka taru suka sha shayi suka watse, sai ka ji matasa a majalisa suna cewa, "Kai! Ina ma Jamal Abdul Nasir yana raye!" Ana ta yawo da tsofaffin hotunansa a waya, yana tsaye a bene yana ɗaga hannu, dubban mutane suna ihu a ƙasa. In ka tambayi dalilin wannan bege sai a ce maka ai shi kaɗai ne namijin da ya taɓa haɗa ƙasashen Larabawa biyu suka zama ɗaya. Daga nan sai a yanke hukunci, wai al'umma ba za ta haɗu ba sai an sami wani gwarzo guda mai ƙarfi kowa ya miƙa masa wuya ba tambaya.

To, gaskiya ne ya haɗa. Amma kafin mu ɗauki wannan magana mu rungume, ya kamata mu tambayi waɗanda aka haɗa ɗin yaya suka ji a jikinsu. Domin akwai ƙasar da ta gwada wannan magani, ta sha shi har ƙarshen kwalba, sunanta Siriya. Shekara uku da wata bakwai ta yi ba ta da suna a taswirar duniya. A takardun gwamnati "Yankin Arewa" ake ce mata, da Larabci Iƙlimush Shimali. Kada mai karatu ya zaci Arewarmu ta nan ake nufi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan Yankin Arewa ne na Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, wadda aka haifa a 1958 ta kuma wargaje a 1961. Masar ita ce Yankin Kudu, hedkwata kuma Alƙahira.

Bari mu faro daga tushe. Siriya ta rabu da sojojin mulkin mallakar Faransa a 1946. Ba a je ko'ina ba sojojinta suka ɗanɗana zaƙin mulki. A shekarar 1949 kaɗai sau uku aka yi juyin mulki: Husni Za'im, sai Sami Hinnawi, sai Adib Shishakli. Da aka kori Shishakli a 1954 aka dawo da majalisa da jam'iyyu da jaridu, amma barikin soja ya riga ya rabu gida-gida, kowane hafsa da jam'iyyar da yake yi wa aiki, kowa yana kwana da ido ɗaya don tsoron ɗan'uwansa. Ga jam'iyyar Ba'as ta Mishel Aflaƙ da Salahuddin Biɗar da Akram Haurani, ga 'yan kwaminis na Khalid Bakdash suna ta ƙara ƙarfi, ga tsofaffin attajirai da masu gonaki na Dimashƙa da Halab. A waje kuma matsi ya yi yawa. A 1957 Siriya ta kori jami'an jakadancin Amurka uku bisa zargin shirya juyin mulki, Turkiyya kuma ta jibge sojoji a kan iyaka.

A daidai wannan lokaci tauraron Nasir yana tsakiyar sama. Ya ƙwace mashigin ruwan Suwais a 1956, Ingila da Faransa da Isra'ila sun taru sun kai masa hari, daga baya ala tilas suka janye. Gidan rediyon Sautul Arab yana kai muryarsa kowane shago da kowane gidan shayi a ƙasashen Larabawa. Ba wanda zai yi musun cewa talakan Siriya yana ƙaunarsa da zuciya ɗaya. Sai dai wa ya je ya ƙulla auren?

A watan Janairu na 1958 wasu hafsoshi 14, ƙarƙashin babban hafsan sojan ƙasar Afif Bizri, suka hau jirgi cikin dare suka nufi Alƙahira. Ba su nemi izinin shugaban ƙasa Shukri Ƙuwatli ba, ba su shawarci majalisa ba, takarda kawai suka bari a baya. Suka je suka ce wa Nasir ga ƙasarmu nan, karɓi. Abin da ya kai su kuwa tsoro ne. Kowane ɓangare yana jin in ba a kawo wani babba daga waje ba, abokin hamayyarsa zai riga shi hawa kujera. 'Yan Ba'as kuma suna lissafin cewa Nasir zai kawar musu da 'yan kwaminis, sannan ya bar musu Siriya su juya, shi da suna su da mulki. Da gwamnatin farar hula ta farka ta ga aikin gama ya gama, sai ta tura ministan harkokin waje Biɗar ya bi sawu.

Nasir ba yaro ba ne. Ya gindaya sharuɗɗa: haɗewa gaba ɗaya, ba tarayyar da kowa zai riƙe gwamnatinsa ba, a rushe dukkan jam'iyyun Siriya, soja ya fita daga siyasa. Aka ce an yarda. Ranar 1 ga Fabrairu 1958 aka yi shelar sabuwar jamhuriya a Alƙahira. Ranar 21 ga watan aka yi ƙuri'ar raba gardama, sakamako ya fito sama da kashi 99 cikin 100 sun amince da haɗewa, sun kuma amince da Nasir, wanda shi kaɗai ne ɗan takara. Ku duba fa, tsakanin tashin jirgin hafsoshi da shelar rushe ƙasa sukutum, ko wata guda ba a yi ba. Ko auren bazawara ana yi masa bincike fiye da haka.

Nan da nan aka fara kwashe kayan gida. Kujerar Siriya a Majalisar Ɗinkin Duniya ta tafi. Tutarta ta sauka, aka ɗaga mai ja da fari da baƙi da koren taurari biyu. Sojanta aka sa masa suna Runduna Ta Ɗaya, shi ya sa har yau manyan rundunonin Masar ake kiransu Ta Biyu da Ta Uku. Shugaba Ƙuwatli aka ba shi laƙabin "Ɗan Ƙasa Na Farko Na Larabawa", aka sallame shi ya koma gida da laƙabinsa. Akram Haurani da Sabri Asali aka naɗa su mataimakan shugaban ƙasa, ofis babba, mota babba, iko babu. Shi kuwa Bizri, jagoran tafiyar dare, ko wata biyu bai cika ba bayan haɗewar Nasir ya raba shi da muƙaminsa. Wanda ya buɗe ƙofa shi aka fara jefowa waje.

Sannan ga matsalar da ko makaho ya shafa zai ji. Masar tana da mutane wajen miliyan 26, Siriya ba ta kai miliyan 5 ba. Ƙasashen biyu ba su haɗa iyaka ko taku ɗaya ba, sai ta jirgin ruwa ko na sama. Masar ta saba da gwamnati mai ƙarfi a tsakiya tun zamanin da, Siriya kuwa ƙasar 'yan kasuwa ce masu son faɗin albarkacin bakinsu, ga ƙabilu da mazhabobi iri-iri. Mai hankali da ya sami irin wannan amana zai bi ta a sannu, ya yi ta shawara. Maimakon haka sai aka yi zaman kashin dankali, babba a kan ƙarami. Doka daga Alƙahira take fitowa, a karanta ta a rediyo, mutumin Halab ya ji ta lokaci ɗaya da kowa. Majalisar dokokin da aka yi alkawari ba ta zauna ba sai a 1960, mai kujeru 600, Masar 400 Yankin Arewa 200, kuma 'yan majalisar naɗa su aka yi. Jam'iyya guda aka bari, wadda gwamnati ta ƙirƙira da kanta ta kira ta Ittihadul Ƙaumi. Jaridu kuwa aka sa musu linzami.

To da me aka riƙe yankin, tunda an rufe bakin jama'a? Da 'yan sandan ciki. A nan ne sunan Abdulhamid Sarraj yake shigowa. Ɗan Siriya ne, mutumin Hama, shugaban sashen leƙen asirin soja. Nasir ya ba shi ministan cikin gida na Yankin Arewa, a 1960 kuma ya ɗora shi a kan majalisar zartarwar yankin baki ɗaya. A hannunsa ne Siriya ta koyi rayuwar da maƙwabci yake tsoron maƙwabci, ana ɗauke mutum da tsakar dare ba a gaya wa iyalinsa inda aka kai shi ba. Kurkukun Mazza da ke Dimashƙa ya cika. A watan Yuni na 1959 aka kama Farajullah Hilu, jagoran 'yan kwaminis na Lebanon, a Dimashƙa. Ya mutu a wajen azabtarwa, aka narkar da gawarsa da ruwan asid don kada a ga ko ƙashinsa.

Na san wani zai ce, to ai ɗan kwaminis ne, ina ruwanmu? A nan ne fa ake yaudarar mutanen kirki. Bulalar da aka yanko don bayan abokin gabarka, in an gama da shi ba a jefar da ita, ajiye ta ake yi a bayan ƙofa. Ɗakin azabar da aka gina saboda 'yan kwaminis a 1959, shi ne bayan shekaru aka riƙa zuba malamai da ɗalibai da masu zuwa masallaci a cikinsa. Zalunci ba ya tambayar aƙidar wanda aka kawo masa.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, masu kishin addini na Siriya suna da labarin abin da ke faruwa a Masar tun kafin a ɗaura auren. A Disamba 1954 gwamnatin Nasir ta rataye mutum shida na Ikhwanul Muslimin, cikinsu har da masanin shari'a Abdulƙadir Auda. Sayyid Ƙuɗub yana tsare tun wannan shekara. A 1957 an buɗe wa fursunonin Ikhwan wuta a kurkukun Ɗura an kashe sama da 20. Duk da haka, da guguwar haɗin kai ta taso, Ikhwan na Siriya ƙarƙashin Shaikh Musɗafa Siba'i suka yi maraba da ita, suka rushe ƙungiyarsu kamar yadda sauran jam'iyyu suka yi. Ba ina zargin niyyarsu ba ne, Allah Ya jiƙan Shaikh, haɗuwar Musulmi abu ne da kowane mai imani yake kwaɗayi. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana rijiya zurfi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar nan kowa ya gan ta.

Su ma 'yan Ba'as da suka yi dillancin cinikin ba su ci riba ba. Sun rushe jam'iyyarsu da hannunsu suna jiran tukuici, sai suka ga ana mai da su saniyar ware. A Oktoba 1959 Nasir ya turo amininsa, Mushir Abdulhakim Amir, ya zauna a Dimashƙa da cikakken iko, tamkar gwamnan da aka aiko wa lardi. Kafin ƙarshen Disamba Haurani da Biɗar da sauran ministocin Ba'as suka ajiye aiki. A cikin soja kuwa aka riƙa yi wa hafsoshin Siriya ritaya, wasu a tura su Masar su zauna ba aikin fari ba na baƙi, ana kawo hafsoshin Masar ana ɗora su a muhimman wurare. Ku riƙe zancen waɗannan da aka tura Masar, za mu dawo kansu.

Adalci ya sa a faɗi abin da aka yi na alheri. A Satumba 1958 an kafa dokar rabon gonaki, aka ce mutum ɗaya kada ya mallaki fiye da hekta 80 ta noman rani ko hekta 300 ta noman damina. Kafin nan akwai iyalan da suka mallaki ƙauyuka sukutum, manomi yana yi musu bauta shi da 'ya'yansa. Manoma da yawa sun ji daɗin wannan doka, kuma shi ya sa har bayan rabuwa Nasir bai rasa masoya a Siriya ba. Sai dai an zo da ita da gaggawa, aka kuma yi rashin sa'a fari ya sauka shekara uku a jere. Ƙasar da ta saba sayar da alkama da sha'ir a waje ta koma tana sayowa, dabbobin makiyaya suka yi ta mutuwa. Mai mulkin da yake sauraron jama'a zai sassauta a irin wannan hali. Amma wa zai gaya masa? Jaridar da aka ɗaure ko majalisar da aka naɗa?

Sai ga Yuli 1961. Ba shawara ba sallama, aka fito da dokokin gurguzu, gwamnati ta ƙwace bankuna da kamfanonin inshora da manyan masana'antu, har da kamfanin Khumasiyya, babban kamfanin masaƙu na Dimashƙa. A watan Agusta kuma aka rushe majalisun zartarwa na yankuna, aka ce gwamnati ɗaya ce tak. Wato ɗan abin da ya rage wa Yankin Arewa na alamar cewa shi ma wani abu ne, aka share shi. Sarraj kansa aka yi masa ƙarin girman da ya fi kama da kora, aka mai da shi mataimakin shugaban ƙasa aka kai shi Alƙahira, ya fusata ya yi murabus a Satumba. Yanzu lissafa: an ɓata wa 'yan siyasa, an ɓata wa 'yan kasuwa, an ɓata wa masu gonaki, an ɓata wa hafsoshi, daga ƙarshe an ɓata wa mai gadin kurkuku. Wa ya rage?

Da asubahin 28 ga Satumba 1961 tankoki suka shigo Dimashƙa. Wa ya jagoranci juyin? Laftanar-Kanar Abdulkarim Nahlawi, daraktan ofishin Mushir Amir, mutumin da yake shigar masa da takardu kullum. Duk tarin 'yan leƙen asirin nan ba su hango abin da ake dafawa a ɗakin da ke jikin na maigida ba. Aka sa Amir a jirgi aka mai da shi Alƙahira. Nasir ya ba da umarnin tura sojoji, wasu 'yan ƙalilan na laima suka sauka a Lazikiyya aka kama su, sai ya janye umarnin ya ce Balarabe ba zai zubar da jinin Balarabe ba. Wannan kam a yaba masa. Cikin Oktoba Siriya ta koma kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Haurani da Biɗar, waɗanda suka fi kowa rawa ranar ɗaurin aure, suna cikin waɗanda suka sa hannu a takardar goyon bayan saki. Masar ta ci gaba da amsa sunan Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa ita kaɗai har 1971, kamar gwauron da ya ƙi cire hoton biki daga bango.

Masu kare Nasir suna da amsa guda da suke maimaitawa: wai maƙiya ne suka rusa haɗin, 'yan mulkin mallaka da sarakunan Larabawa da attajirai. Ba mu ce babu makirci ba. Tun a Maris 1958 Sarraj ya fito da takardun banki na kusan fam miliyan biyu, ya ce Sarki Sa'ud ne ya aiko masa don ya wargaza shirin, abin kunyar da ya sa ala tilas Sa'ud ya miƙa ragamar gwamnati ga ƙaninsa Faisal. Jodan da Turkiyya kuma ba su ɓata lokaci ba wajen amincewa da gwamnatin 'yan ɓallewa. Kuma su 'yan ɓallewar ba waliyyai ba ne, da yawansu dukiyarsu suke so a dawo musu da ita. Duk mun yarda. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Makircin 1958 ya faɗi domin a lokacin jama'a suna tare da haɗin. Na 1961 ya yi nasara cikin yini guda. Me ya canja a tsakani in ba yadda aka yi mulkin ba?

Da a ce a nan labarin ya ƙare, da da sauƙi. Ku tuna hafsoshin nan da aka tura Masar zaman kashe wando. A can, cikin ɓacin rai, wasu biyar 'yan Ba'as suka kafa wata ƙungiyar asiri da suka kira Kwamitin Soja: Muhammad Umran, Salah Jadid, Abdulkarim Jundi, Ahmad Mir, da wani matashin matuƙin jirgin yaƙi mai suna Hafiz Asad. Darasin da suka koya a makarantar haɗin kai shi ne, jam'iyya da majalisa da ƙuri'a duk wasan yara ne, mulki yana hannun wanda ya riƙe tanka da gidan rediyo da ofishin leƙen asiri. Ranar 8 ga Maris 1963 suka yi juyin mulki tare da abokansu, suka kafa dokar ta-ɓaci wadda ba a ɗage ba sai a 2011, shekara 48. Daga nan suka koma cin junansu. Jundi ya mutu a 1969, aka ce shi ya kashe kansa. Umran aka harbe shi a Lebanon a 1972. Jadid ya shiga kurkukun Mazza a 1970 bai fito ba sai gawarsa a 1993. Biɗar aka bindige shi a Faris a 1980. Asad ya rage shi kaɗai.

Sauran labarin kun san shi. Tuddan Golan sun tafi a 1967 lokacin Asad yana ministan tsaro, kamar yadda Sina'i ta tafi a hannun Mushir Amir a wannan yaƙi. A 1980 aka karkashe ɗaruruwan fursunoni a kurkukun Tadmur. A Fabrairu 1982 aka yi wa birnin Hama rugu-rugu, ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kama daga 10,000 zuwa 40,000. Gidan Asad bai sauka ba sai ranar 8 ga Disamba 2024, ranar da duniya ta ga iyaye mata suna bin ɗakunan kurkukun Saidnaya suna neman 'ya'yansu. Tutar da aka sauke a ranar kuwa ita ce mai taurari biyun nan ta 1958, wadda Asad ya dawo da ita a 1980. Ba muna cewa Nasir ne ya yi Hama ba, kowa da laifinsa. Amma a zamanin Yankin Arewa ne aka kashe jam'iyyu, aka horar da 'yan sandan ciki, aka koya wa matasan hafsoshi raina ra'ayin jama'a. Wanda ya share gona ya yi shuka ba zai ce ba ruwansa da abin da ya tsiro ba.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa matashi, in ka ji ana kiran haɗin kai, ka amsa, domin rarrabuwa ita ta mai da mu abin tausayi. Amma kafin ka miƙa hannu ka yi tambaya uku. A kan me za a haɗu, a kan gaskiya da adalci ko a kan hoton mutum guda? Wa aka shawarta, jama'a ko hafsoshi 14 a cikin jirgin dare? In shugaba ya karkace, wa ke da ikon ce masa ya karkace, ya kuma kwana a gidansa lafiya? Duk haɗin da ya fara da cewa ka rufe bakinka tukuna, haɗiye ka za a yi. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, gaskiya ne, amma ba a karya tsinkayen kafin a ɗaure su. Shura da addininmu ya koyar ba ado ba ce ta ranar da aka sami sukuni, ita ce abin da yake hana mai ƙarfi halaka kansa ya halaka na bayansa.

Mutanen Dimashƙa da suka kwana a titi a Fabrairu 1958 suna jiran su ga fuskar Nasir ba wawaye ba ne. Mutane ne irinmu, masu kishi, waɗanda wulaƙanci ya ishe su, suna neman wanda zai share musu hawaye. Sun ba da ƙasarsu cikin ƙasa da wata guda, jikokinsu suka yi shekara sittin da ɗoriya suna biyan bashin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya haɗa kan al'ummar nan a kan gaskiya, Ya tsare mu daga zalunci da son azzalumai, Ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙi ba a ko'ina suke. Wassalamu alaikum.